Ku Ba Ni Takardar da Za Ta Wanke Bulus

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin sadarwar da na shekara goma sha huɗu ina riƙe da layinsa,
Ofishin Fatakwal.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da kujerarka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya ruwan nan da ya ƙi ɗaukewa? Allah ya sa mu ga alherinsa.

Sunana Lawal. Na haura shekara sittin da biyar. Ina sayar da wake da gero a wani ɗan shago a Mile 2, Diobu. Ba da buhu na fara rayuwa ba. Na yi kwalejin horon malamai, na koyar da kimiyya shekara tara a garinmu, sannan na gangaro nan na yi akawu a wani kamfanin dakon kaya a bakin ruwa, har ranar da aka tara mu a ƙarƙashin rumfa aka ce an gode. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba. Na faɗa ne don ka san mai rubuto maka ya iya karatu, har da ƙananan rubutun nan da kuke tusawa a gindin takarda don kada ido ya kai gare su.

Ban ambaci sunan kamfaninku ba saboda ba ni da lauya, ku kuwa kuna da su garke guda. Amma kun san kanku, kuma akwai takardata mai hatiminku a wata durowa a ofishinka, idan ɓera bai riga ka karanta ta ba.

Bari in sauƙaƙa maka tun daga farko. Ba data na zo roƙo ba. Wadda ta tafi ta tafi. Takarda nake nema, shafi ɗaya tak, kuma ina nemanta kafin Asabar ta ƙarshen watan nan. Ga dalili.

1. Bara, ana gab da azumi, wakilinku mai zama a ƙarƙashin lema a bakin titinmu ya tare ni da wani tsari. Ya ce in riƙa sayen data mai yawa a layina, ku kuma ku ba ni ƙarin sim guda huɗu, duk su riƙa sha daga wannan datar. Da ya dubi hular kaina sai ya ce ai kamar yadda muke cin tuwo a kwano ɗaya ne. Na yi dariya, na yarda. Sim ɗaya na ba matata Hajara. Ɗaya na ba Haruna mahauci, maƙwabcin shagona. Ɗaya na ba Bulus. Na huɗun kuwa, wakilin naku ne ya ce kada ya zauna a banza. Ya sayar mini da wata 'yar kyamara mai tambarinku, ya sa sim ɗin a ciki, ya kafa ta a saman ƙofar shago saboda masu zura mini hannu a buhun wake, ya jona ta da wutar janaretan da ke ba layin shagunanmu haske. Ya rantse cewa abin da za ta sha bai kai abin da sauro ke sha ba. Daga ranar na manta da ita kamar yadda ake manta ƙusa a bango.

Abin da wakilinku bai faɗa ba shi ne, a kwanonmu kowa yana ganin hannun kowa. Mai babbar loma an san shi, a yi masa tsiya, a yi dariya, a wuce wurin. Naku kwanon a rufe ake cinsa. Sai dai mutum ya ɗaga murfi ya tarar wayam.

2. Dole in gaya maka wane ne Bulus, tunda a wurinku lamba ce kawai. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, mai gyaran agogo da rediyo. Teburinsa mai gilashi yana jingine da bangon shagona tun ba a haifi yawancin ma'aikatanka ba. Shekara talatin da ɗaya muna zama a benci ɗaya bayan la'asar. A duk Diobu shi kaɗai ke kirana Ticha, domin shi kaɗai ya ɗauki abin da na taɓa zama da daraja. A wata shekara da gari ya rikice, aka shiga farautar masu hula irin tawa, a ɗakin Bulus Hajara da 'ya'yana uku suka kwana huɗu, marigayiya matarsa tana gaya wa maƙwabta wai danginta ne suka zo daga gida. Sim ɗin da na ba shi, na ba shi ne don ya riƙa ganin jikokinsa na Inugu a waya. Sai da na yi masa rantsuwa kafin ya karɓa.

3. Tsarin ya tafi lafiya har bayan babbar sallar bana. Daga nan datar da ke kai mu wata guda ta koma ƙarewa cikin kwana tara. Na sake saye, ta sake ƙarewa cikin kwana tara. Manhajarku ba ta nuna komai sai abin da ya rage, kamar likitan da zai ce maka jininka na zuba amma ba zai nuna maka raunin ba.

Na je ofishinku ranar wata Talata. Na karɓi lamba, na zauna daga hantsi har azahar ta wuce ni. Saurayin da na samu bai ɗago kai ba, ya ce sistem ba ya nuna abin da kowane sim ya sha, jimilla kawai yake nunawa. Bayan kwana uku na kira layinku na taimako. Kuka sa mini kiɗa har kunnena ya yi zafi, sannan wata murya mai daɗi ta ce in tambayi waɗanda nake rabawa da su, wai a irin wannan lamari akwai mai kallon fim a ɓoye ko mai jona wa wasu. Ranka ya daɗe, ka riƙe wannan maganar, domin ita ce irin da aka shuka. Ban taɓa zargin mutum ba sai da ma'aikaciyarku ta nuna mini inda zan duba. Karo na uku na rubuta takarda da hannuna, da Turancin da aka koya mana lokacin da ake koyar da shi, na roƙi a ba ni bayanin kowane sim daban. Aka buga mata hatimi, aka ce in saurari kira. Yau wata uku ke nan ina saurare.

4. Da kuka ƙi gaya mana, sai muka koma ga dabarar gida. Haruna ne ya kawo ta. Ya ce a ƙauyensu idan ƙwai yana ɓacewa a akurki, ba a yi wa kaji tambaya. Kifewa ake yi da kwando ɗaya bayan ɗaya, ranar da ƙwai ya tsira an san mai sha. Ni kuma, tsohon malamin kimiyya, na ji abin ya yi mini daɗi, har na gyara zama na tsara shi. Kowa zai cire sim ɗinsa yini guda ya ba ni, in duba abin da ya rage da safe, in sake dubawa da magariba. Don kada a takura wa kowa, muka ce kowa ya zaɓi ranar da ba ya buƙatar waya sosai. Na ɗauki Alhamis. Haruna ya ɗauki Juma'a. Hajara ta ce Asabar. Bulus ya yi murmushi ya ce shi ai Lahadi a coci yake wuni, wayar ma a kashe take, don haka a ba shi Lahadi.

Mutum huɗu muka ƙirga, saboda baki huɗu muka gani. Kyamarar ba ta da baki, ba ta da kwaɗayi, ba ta kallon fim. Ko sau ɗaya ba ta faɗo mana a rai ba.

Alhamis data ta zuba. Juma'a ta zuba. Asabar ta zuba. Ranar Lahadi Bulus ya biyo ta gidana da kwat ɗinsa da Littafinsa Mai Tsarki a hammata, ya miƙo mini sim ɗin. Da magariba na duba, data tana nan kusan yadda na bar ta.

Ban yarda nan take ba, kuma a lokacin ina ganin wannan adalci ne. Na ce ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, a maimaita. Aka maimaita mako na gaba. Wace rana? Lahadi. Ni da na shekara tara ina buga allo ina gaya wa ɗalibai cewa idan za ka gwada abu, ka tabbata shi kaɗai ya canza, ni ne na kasa tuna cewa ranar Lahadi duk layin shagunanmu a rufe yake, kuma mai janareta ba ya fitowa.

5. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ga nawa laifin. Washegari bayan la'asar, benci a cike, akwai masu keke da ke hutawa a kwanar, akwai mai shayi, akwai baƙin Haruna biyu da suka zo daga Anaca, na buɗe baki na ce wa Bulus da ya ce yana so da na ƙara masa, ƙaryar ce ta yi mini ciwo. Haka na faɗa, a gaban kowa. Haruna ya ɗora nasa, ya ce ai ba Bulus kaɗai ke sha ba, duk gidan hayarsu yake jona wa, shi ya sa matan gidan ke kawo masa miya. Aka fashe da dariya.

Bulus bai yi musu ba. Ya cire gilashin gyaran agogon da ke maƙale a idonsa, ya ɗauki ɗan tsinkensa ya buɗe wayar, ya zaro sim ɗin, ya nannaɗe shi a irin takardar da yake nannaɗe ƙananan kusoshin agogo, ya ɗora mini a gwiwa. Abin da kawai ya ce shi ne: Ticha, ka gama gwajin? Na ce na gama. Ya ce to madalla. Wannan ne karo na ƙarshe da ya kira ni da sunan.

Kai mazaunin garin nan ne, ka san baƙar tokar da ke sauka daga sama ta kwanta a kan farar riga. Ba ta da nauyi, amma idan ka sa hannu ka goge sai ta ƙara shiga. Haka sunan ya kama shi. Masu keke suka sa masa Oga Data, suna ƙwala masa daga tsallaken titi. Mai gyaran agogo da amana yake ci, domin mutum zai bar masa abinsa ya tafi. Na gani da idona wata mata ta dawo ta karɓe rediyonta ba a gyara ba. Kafin mako biyu Bulus ya ɗauke teburinsa daga bangona.

6. Don haushi na daina sayen datar, na yi kusan wata guda. Da na sake saye, sim ɗin Bulus yana aljihuna, sai ta sake ƙarewa cikin kwana tara. A ranar na gane ba Bulus ba ne. Na kai maganar benci, ina zaton za a ce an yi kuskure. Ka san abin da Haruna ya ce? Ya ce mutumin da ke farke cikin rediyo ai ba ya buƙatar sim, ya riga ya kwafe layin. Aka gyaɗa kai. Wanda ya ji daɗin labari ba ya son a ƙwace masa shi.

A yunƙuri na huɗu na koma ofishinku. Wannan karon Allah ya haɗa ni da wani ma'aikaci mai sauran imani. Ba zan faɗi ko namiji ne ko mace ba, ba zan faɗi ranar ba, domin na san halin manya: idan asiri ya tonu, ba mai ɓoyewa ake hukuntawa ba, mai nunawa ake kora. Na ba shi labarin Bulus tun daga farko. Ya waiga, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutar.

Ranka ya daɗe, komai yana nan. Layi biyar, kowanne da abin da ya sha, rana bayan rana, har can baya zuwa ranar da na shiga tsarin. Abin da aka ce mini sistem ba ya nunawa, ga shi sistem yana nunawa da launi-launi. Na kyamarar ya miƙe zololo kamar turken wuta, kwana shida a jere, rana ta bakwai babu komai, kowane mako. Na Bulus shi ne mafi ƙanƙanta a cikinmu. Ni da nake sauraron labarai da safe na ninka shi sau uku. An ce mini wai wani sabuntawa kuka tura wa kyamarorin, suka koma aika hoto ba tsayawa maimakon sai sun ga motsi. Ban sani ba, ba fannina ba ne, kuma ba a kansa nake faɗa ba. Na'ura tana lalacewa, wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ba zan yafe da sauƙi ba shi ne, ranar Talatar nan ta farko, da saurayin nan ya juyo mini da kwamfutarsa na daƙiƙa goma, da yau Bulus yana jingine da bangona.

Na roƙi a buga mini shafin. Aka ce sai da izinin sama. Na roƙi in ɗauki hotonsa da wayata. Aka ce haramun ne. Wato datata ce, layina ne, sunana da hoton fuskata da zanen yatsuna goma kuka karɓa kafin ku ba ni, amma abin da ya faru a cikinsa sirrinku ne.

7. Daga ofishinku gidan Bulus na wuce. Ya karɓe ni, ya ba ni kujera, ya kawo ruwa. Ya kira ni Malam Lawal. Na gaya masa duk abin da na gani, na ba shi haƙuri da duk kalmar da na sani. Ya ce ya yafe tun ranar, addininsa bai bar masa zaɓi ba. Amma ya ce a kasuwa na shafa masa, yanzu kuma a ɗaki nake so in goge. Gaskiya ya faɗa. Daga baya na je benci na faɗa da bakina, sau biyu, amma 'yan bencin sun ce tsufa ne da tausayi, wai ina rufa wa abokina asiri. Ranar da na zarge shi na zo musu da hujja, kwana da kwana, har da maimaitawa. Yau da nake wanke shi ba ni da komai sai baki.

Ranar da na je gidan nasa, a kusurwar ɗakin na ga akwatin kayan aikinsa a ɗaure da igiya. Ɗansa na Inugu ya daɗe yana roƙonsa ya koma can ya huta, yana ƙi, yana cewa ba zai bar Ticha shi kaɗai da waɗannan jahilan ba. Yanzu ya amsa. Motar safe zai shiga, Asabar ta ƙarshen wata.

Kada ka ɗauka ina so in ɗora muku kayana. Bakina ne ya yi maganar, kuma magana zarar bunu ce. An gaya mana tun muna yara cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya zama ƙarya. Wannan tsakanina da Allah ne da Bulus. Amma ku kuka haɗa mutum huɗu a kan kwano, kuka kashe fitila, kuka ce mu tambayi juna. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Yawancin mutanenmu a nan, daga masu dako a babbar kasuwar Anaca zuwa masu gadi a Inugu, haɗa ƙarfi suke yi kafin su iya sayen abu irin wannan. Wa da ƙani, miji da mata, 'yan ɗaki ɗaya. Allah kaɗai ya san gidajen da ake kallon juna a karkace a yau saboda shafin da kuke da shi kuka hana.

Ga abin da nake roƙo, da girmamawa.

Na farko, a ba ni wannan shafin a kan takardar kamfaninku, da hatimi da sa hannu, yana nuna abin da kowane sim ya sha daga babbar sallah zuwa yau. Mutanenmu ba su yarda da tsoho ba, amma suna tsoron hatimi. Ina so ya iso kafin Asabar ɗin da na faɗa. Bayan ta, ku riƙe abinku.

Na biyu, ku buɗe wannan shafin a manhajarku ga duk wanda ya shiga tsarin. Idan ba za ku iya ba, ku daina sayar da shi, ko kuwa ku hana wakilanku kiransa kwano ɗaya.

Na uku, ku hana masu amsa waya cewa mutum ya tuhumi nasa alhali amsar tana gabansu. Su ce an hana su faɗa. Ya fi gaskiya, kuma ba ya raba zumunci.

Na huɗu, kada a nemi wanda ya juyo mini da kwamfuta. A duk ginin nan shi kaɗai ya yi aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Ban sa rai sosai ba. Na ga kamfanoni sun zo da kiɗa sun tafi da shiru, na ga takardu masu hatimi sun zama abin ƙunshe ƙosai. Shi ya sa na yi wasiƙar a buɗe. Idan takardarku ta iso, zan tsaya a gaban benci bayan la'asar in karanta ta da ƙarfi, in fassara ta da Hausa, in sa Haruna ya riƙe ta da hannunsa. Idan ba ta iso ba, wannan zan karanta a madadinta, don haka bari in rubuta abin da nake so a ji: Bulus bai ci ba. Bai jona wa kowa ba. Bai yi ƙarya ba. Ni Lawal, da iliminsa da furfurarsa, ni na yi masa ƙazafi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka kujerarka, ya sa ka gama da ita da mutunci. Allah ya ba ka aboki irin Bulus, ya kuma kiyashe ka da ranar da za ka tsaya a gabansa kana neman takarda kafin a yarda da kai.

Sim ɗinsa yana nan a aljihun gabana, cikin takardar da ya nannaɗe shi, ban kwance ba. Ranar Asabar zan riga shi zuwa tasha. Ko ya yi mini magana ko bai yi ba, ni zan ɗauki akwatin.

Wassalam.

Lawal mai wake,
Mile 2, Diobu, Fatakwal.